Farin Warkin Wattie Mowat

Gintas mai filastar gini ne ya fara gani. Da safiyar Laraba ya buɗe babban ɗakin zauren 'yan Mason na Kinbroch, tsohuwar ƙungiyar maza mai rantsuwar asiri da ta samo asali daga magina, ya hango kabad ɗin gilashi a fashe can gefen dakali, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai taka ba, ya kira 'yan sanda. Mutumin Lithuania ne, ba shi da kowa a garin, kuma ya daɗe da sanin wanda ake fara kallo idan abu ya ɓace.

Saje Elspeth Cruden ta zo ta same shi inda ya tsaya. Ya ce mata jiya da yamma ya goge silin, ya kulle ɗakin don ƙura ta kwanta. Ƙurar kuwa ta kwanta, fara fat a kan daɓe kamar an barbaɗa gari, kuma a cikinta ga sawun mutum ɗaya. Sai dai ba sawun da za a ce na wane ne ba, don mai shi ya sa ledar nan da ma'aikata ke rufe takalmi da ita, wadda ke jibge a kwali a bakin ƙofa. Ba a ɓalle kuba ba, ba a taɓa taga ba.

Abin da ya tsayar da Saje shi ne hanyar da sawun ya bi. Ƙofa tana yamma. Kujerar Shugaba tana gabas, a kan dakali. Kabad ɗin yana gefen dakalin ta kudu, in mutum ya miƙe daga ƙofa zai ci karo da shi. Amma ɓarawon nan bai miƙe ba. Ya bi jikin bangon arewa har ƙarshe, ya hau dakali ta arewa, ya wuce ta gaban kujera, ya sauka ta kudu, sannan ya iso kabad. Ta ɗauki hoton sawun ta kowane gefe, ta kwashe gilashin, ta ce wa Gintas ya share ɗakin.

Abu ɗaya aka ɗauka. An bar cokalin gini na azurfa, an bar lambobin zinariya, aka tafi da wani tsohon farin warki na fatar ɗan rago, irin wanda 'yan Mason ke ɗaurawa a ƙugu.

Zauren ya cika shekara ɗari da hamsin bana, shi ya sa ake ta gyara da fenti da baje kayan tarihi. Mu da muka tashi a Kinbroch mun san shi, wannan gini mai duhu a bayan kasuwar kifi, inda ubanninmu ke shiga ranar Alhamis riƙe da 'yar jaka, su fito suna warin wiski suna kiran juna ɗan'uwa. Da aka kankare tsohon fenti, sai ga wata alama a sassaƙe jikin dutsen harsashi, ƙugiyar kifi da aka gitta mata kibiya. Maginan zamanin da, kowa yana da tasa alamar da yake sa wa aikinsa. Nan take Ranald Tulloch, tsohon lauya kuma Shugaban zauren tun ana ganin baƙin gashi a kansa, ya sanar da jarida cewa alamar kakan kakansa ce, shi ya gina wurin. Kafin sati ya zagayo an buga ta a ƙaton ƙyalle an rataye a gaban gini, an kuma tsai da magana za a mayar da sunan wurin Zauren Tulloch.

Warkin da ya ɓace na Wattie Mowat ne, wani tsohon mai fasa dutse da ya rasu ranar Litinin. Gado ne, daga uba zuwa ɗa. Yana kwance a asibiti ya ba da aronsa don a baje a kabad, da sharaɗin ranar da ya cika a mayar masa, don ba a binne ɗan Mason ba warkinsa. Jana'iza ranar Juma'a ce.

'Yarsa Isbel ta iso zauren da rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa Saje ita ba ta taɓa sanin abin da suke yi a ɗakin nan ba, ba ta kuma damu ta sani ba, amma a kwanakinsa na ƙarshe mahaifinta ya manta sunanta, ya manta sunan mahaifiyarta, warkin ne kawai bai manta ba.

"Na yi masa alkawari, Saje. Ki nemo mini shi kafin Juma'a, ba ruwana da wanda ya ɗauka."

Tulloch ya karɓi Saje a ƙaramin ɗakin ƙasa, da shayi da biskit a faranti. Ya ce makullai uku ne: nasa, da na Dod Buchan mai tsaron ƙofa, da wanda aka ba mai filasta. Shi da kansa ya jera kayan kabad. Ya yi maganar Wattie da murya mai rawa, ɗan'uwa na shekara hamsin, mutum mai farar zuciya, shi ne ma zai yi masa jawabin kabari.

"Wa kake zargi, Mista Tulloch?"

"Allah ya kiyaye in ɓata sunan wani. Dod yana sha, kowa ya sani, amma ɗan'uwa ne, ya yi rantsuwa." Ya ɗan juya cokali a kofi. "Shi kuwa yaron nan mai filasta, ai ba mu san danginsa ba. Da ni ne ke, 'yata, da na leƙa buhunan sharar da yake tarawa a baya."

Yaron nan ya haura shekara arba'in, yana da jikoki a garinsu. Saje ta ajiye shayin ba ta sha ba.

Gintas da kansa ya kwance mata buhunan, ɗaya bayan ɗaya. A na kusa da ƙofar baya, ƙarƙashin ɓaraguzan filasta da kwalin madara da ragowar kifin da wani ya ci, sai ga warkin a duƙunƙune. Ta ɗaga shi da safar hannu. A samansa akwai ɗan harshe mai kusurwa uku da ke faɗowa gaba, kuma a tsakiyar harshen an yanke fata, an bar rami kamar faɗin tafin yaro. Yankan sabo ne, mai tsabta, na wuƙa mai kaifi. Gintas ya dubi warkin, ya dube ta, ya zauna a kan bokiti ya miƙo hannayensa biyu. Ta ce masa ya mayar da hannunsa aljihu.

A ofis Sufeto ya ce magana ta ƙare: makulli a hannun Gintas, kaya a buhunsa, a tsare shi. Sufeto yana cin abincin rana da rabin 'yan zauren, kuma yana son a rufe zancen kafin bikin cikar zauren shekara ɗari da hamsin. Saje ta ce ɓarawon da ke neman na sayarwa ba ya barin azurfa ya ɗauki tsohuwar fata, in kuma ya ɗauka ba ya huda ta, in ya huda ba ya jefa ta inda za a fara dubawa. Sufeto ya ba ta zuwa gobe, yana hamma.

Ta samu Dod Buchan a mashayar bakin tashar jiragen ruwa, rana tsaka, kofi na biyu a gabansa. Shi da Wattie tare suka yi aikin dutse tun suna samari. Da ta gaya masa inda aka tsinci warkin, sai ya tofar da yawu a ƙasa, mai mashaya na kallo. Ya ce Allah ya tsine wa wanda ya yi. Ta tambaye shi me ake yi da warkin ranar jana'iza. Ya ce a zauren Kinbroch ana shimfiɗa shi a kan akwatin gawa, a ɗaga harshen sama yadda ake ɗaura wa sabon shiga, don mutum ya koma yadda ya zo, a ratsa gari da shi haka har kabari.

"In yana cikin kabad fa, harshen yana sama ko ƙasa?"

"Ƙasa mana, yarinya. Wa zai ɗaga shi alhali mai shi yana numfashi?"

Ta ce ya zo ya nuna mata daidai inda warkin yake a kabad. A bakin ƙofar babban ɗakin ta tsaya ta bar shi ya wuce. Dod, da ciwon ƙugunsa da wiskinsa, bai miƙe ba shi ma. Ya bi bangon yamma, ya yi kwana, ya bi bangon kudu har kabad, ya nuna da yatsa, ya dawo ta inda ya bi. Ta tambaye shi me ya hana shi yanke hanya. Ya dube ta kamar ta ce ya tuɓe a coci. Ya ce ɗan'uwa ba ya ratsa ɗakin nan ta tsakiya, kuma ba ya gitta gaban kujera, ko da ba kowa, ko da wuta ce ta tashi.

"Ba wanda yake gittawa? Ko mutum ɗaya?"

Dod ya kalli kujerar. Sannan ya ce shi ya yi rantsuwa, abin da ke cikin ɗaki na cikin ɗaki ne, ƙafarsa kuma tana ciwo. Ya juya ya koma mashaya. Minti kaɗan da suka wuce yana tsine wa ɓarawo, yanzu ya gane shi ya haɗiye, abokinsa na kwance a firijin ajiye gawa. Saje ta ji kamar ta wanke hannunta.

Da yamma ta kira Isbel ofis, ta shimfiɗa warkin a tebur cikin ledar shaida. Isbel ta ga ramin, ta dafe bakinta. Ta ce a nan akwai wani ɗan ɗinki da shuɗin zare ta cikin harshen, tana yarinya takan ɗaga ta bi shi da yatsa in Baba ya bar jakarsa a buɗe, amma ba za ta iya cewa ga siffarsa ba. Saje ta jawo fitilar tebur, ta ɗaga harshen a hankali. Shekara da shekaru harshen yana kwance a kan jikin warkin, cikin jaka, cikin damshin garin nan, har shuɗin zaren ya zuba ya bar inuwarsa a fatar da ke ƙasa. Ba ta fito sosai ba, amma ana gane ta. Ƙugiyar kifi ce da aka gitta mata kibiya.

Washegari da safe Saje ta roƙi Tulloch ya zo zauren, ta ce wata 'yar tambaya ce kan cokalin azurfa, ko zai ɗauko mata shi daga kabad. Ya zo cikin baƙar kwat, yana mata bayanin shekarar da aka ƙera cokalin. Bai daina magana ba ya bi bangon arewa, ya hau dakali ta arewa, ya shafa hannun kujera da ya zo wucewa, ya sauka ta kudu, ya ɗauko cokalin. Da ya juyo sai ya ga ta ɗaga hoton sawun tana riƙe da shi a ƙirjinta.

Ta yi masa bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Makulli uku, mutum uku. Gintas yana ratsa ɗakin nan ta ko'ina da tsaninsa, bai san akwai gabas da yamma a cikinsa ba. Dod ko da wuƙa a wuya ba zai gitta gaban kujera ba. Mai kujera kaɗai ke hawa ta arewa ya sauka ta kudu, kuma ƙafar da ta shekara talatin tana yin haka ba ta tambayar mai ita. Shi ya jera kabad, shi kaɗai ya ɗaga harshen ya ga alamar da ya riga ya gaya wa duniya ta kakan kakansa ce. Muddin Wattie yana raye harshen yana ƙasa, ba matsala. Da Wattie ya mutu, ranar Juma'a za a ɗaga shi a ratsa gari, a wuce ta ƙarƙashin ƙyallen nan, kowa ya ga alamar gidan Mowat ce, masu fasa dutse. Shi ya sa ya yanke ta, ya fasa gilashin da yake da makullinsa don a ce baƙo ne, ya cusa warkin a sharar baƙon, ya kuma aike ta, ita Saje, ta tsinto.

"Ka yanke zaren, amma ba ka duba fatar da ke ƙarƙashinsa ba."

Tulloch ya ajiye cokalin a hankali. Bai yi ja ba, bai yi gumi ba. Ya zauna a bakin dakali ya gyara wandonsa.

"Kin yi ƙoƙari, Saje. To bari in gaya miki abin da kika samu. Sawu marar siffa, da wani tabo a tsohuwar fata. In kika kai ni kotu zan musa, zan nemi a kai fatar ɗakin gwaji, zan nemi a sake gwadawa. Za ta zauna a ledarku har baɗi, ko baɗin waccan. Jana'izar Wattie kuwa gobe ce." Ya yi ɗan murmushi. "Na san 'yarsa tun tana goye. Ki je ki tambaye ta wanne take so."

Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. Saje ta kira mai gabatar da ƙara, ya ce in za a yi shari'a warkin ba ya fita daga hannun hukuma, in kuma aka binne shi babu shari'a. Sufeto ya ce ai shi ke nan, tun da kaya ya dawo, a bar mai filasta da zargi, a bar tsofaffi su yi bikinsu lafiya. Har ya ƙara da cewa Mista Tulloch ya yi wa garin nan hidima.

Saje ta sami Isbel a gidan mahaifinta tana shafa man shanu a burodin da za a ba masu ta'aziyya. Ta gaya mata komai, sunan mutumin da dalilinsa da abin da ya ce, ba ta rage ba. Ta ce in Isbel ta bar warkin a hannunta, ita za ta bi maganar har ƙarshe, kuma tana ganin za su ci, a cire ƙyallen nan a sa sunan da ya dace. In ta karɓa, gobe ƙasa za ta rufe shaidar.

Isbel ta ci gaba da shafa man har ta gama farantin. Ta ce kakanninta sun yi shekara ɗari da hamsin ba sunansu a jikin ginin nan kuma ba su fasa barci ba. Ta ce ba gini ta yi wa alkawari ba.

"Kawo mini kayan Baba, Saje."

Ranar Juma'a aka shimfiɗa warkin a kan akwati, aka ɗaga harshen. Dod ne ya ɗaga. Ta ramin ana hango katako, ƙasa da shi kuma ga shuɗiyar inuwar nan, duk wanda ya matso zai gani. 'Yan'uwa kuwa sun matso, su ne ma suka ɗauki akwatin a kafaɗa, cikin fararen warki da fararen safar hannu. Saje tana tsaye a gefen titi tana kallon fuskokinsu. Kowanne ya duba, ya gani, ya mayar da idonsa kan takalminsa. Haka suka ratsa gari, Tulloch a gaba.

A bakin kabari ya yi jawabinsa. Ya ce farin warki alamar tsarkin zuciya ce, ya fi kowace lambar sarauta daraja, kuma ɗan'uwa Wattie ya mayar da nasa ba tabo. Muryarsa ta yi rawa daidai inda ya kamata. Aka saki igiyoyi, akwati ya sauka, aka fara zuba ƙasa. Isbel ta tsaya tana kallo har farar fatar ta ɓace, sannan ta sauke numfashi.

Mutane suka yi layi a bakin ƙofar maƙabarta don yi mata gaisuwa, kamar yadda aka saba. Tulloch ne na farko, don shi ne Shugaba. Ya sunkuyar da kai, ya miƙo hannu.

Isbel ba ta karɓa ba. Ta ce, da muryar da na bayan layi ma ya ji:

"Cire safar, Mista Tulloch. Ina so in ga hannun da ya yanka."

Bai cire ba. Ita ma ba ta matsa ba. Layin ya tsaya cak a bayansa, mutum wajen ɗari, ba mai tari, kuma ba wanda ya sami wani wurin kallo sai farin hannun nan da ke miƙe a iska.